Saniyar Nijar da Jar Kanwa

Na je Nijar na ɗauko saniya, na kawo ta Gummi da ranta, bayan kwana goma sha tara aka yanka ta. Abin da ya faru ke nan. Amma tun daga ranar ba a bar ni na sha fura cikin natsuwa ba. A kasuwa a tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni, har a wurin jana'iza wani ya matso yana yi mini raɗa, wai da gaske ne saniyar tana da takardar haihuwa? To zan faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe.

Sunana Mamman, mutumin Adabka ne ni. Shanu na sani. Ina saurayi ciwo ya shiga garken babanmu ya share shi cikin wata guda, muka ja gawa har hannu ya gaji. Daga nan na shiga kiwon shanun mutane. Igiya ta cire mini yatsa biyu, maciji ya sare ni a fadama ban mutu ba. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da garken Alhaji Bawa na Gummi, kuma a cikin shekarun nan saniya ba ta taɓa mutuwa a hannuna wurin haihuwa ba.

Alhaji mai hatsi ne, da gero da wake ya yi arziki. Wani abokin cinikinsa ya ba shi labarin wata gona a Nijar inda ake haɗa shanun Turawa da jajayen shanun can, wai saniya ɗaya tana cika bokiti biyu a yini. Alhaji ya aika aka yi ciniki, aka zaɓa masa mai tsohon ciki. So yake ta haihu a gidansa, a tatse ta a gaban mutane. Ya kira ni zaure.

"Mamman, kai za ka ɗauko ta. Ka kawo min ita lahiya, ta haihu lahiya. In ta mutu hannunka, ka aje sanda ka nemi wani ubangida."

"To, ranka shi daɗe."

Aka haɗa ni da mutum biyu. Ɗan'ige direba, mai wata a-kori-kura da sai an tura take tashi. Sai Sahabi, ƙanen uwargidan Alhaji, mutum mai shekara arba'in da ba a san sana'arsa ba. An sa shi cikin tafiyar don wai ya iya Faransanci, saboda ya taɓa sayar da batir a Ƙwanni na wata uku. Ya zo da farar babbar riga da jaka ta fata. Ɗauko saniya za mu, ya yi shigar ɗaurin aure.

Bazara ce, rana tana dukan kai tun da hantsi. Sahabi ya shige gaba, ni ina baya da igiyoyi da buhun dusa. Ba mu kai Sakkwato ba taya ta fashe, aka sa ta ajiya, ita ma ta fashe. Ɗan'ige ya ce ba laifin tayar ba ne, hanya ce. Muka yini a gindin wata bedi har aka kawo faci daga wani ƙauye. Duk tsawon yinin Sahabi yana koya mana yadda ake gaisuwa a can. Na ce masa ni da saniya zan yi magana.

A Sakkwato muka sauka gidan wani dillalin Alhaji. Ya yi mana maraba da baki ƙwarai, ya shimfiɗa mana tabarma a ɗakin da yake ajiye albasa. Aka kawo tuwo da miyar kuka, na zagaya kwanon da hannu sau uku ban gamu da nama ba. Har muka kai Nijar warin albasa bai bar rigata ba.

Da safe muka nufi Illela. Ni ban taɓa ƙetare iyaka ba, na ɗauka katanga zan gani ko gulbi. Ashe ƙarfe ne aka gitta a hanya da duro biyu. Wannan gefe gero, wancan gefe gero. Jakin nan da jakin can kuka ɗaya suke yi. Sahabi ya gyara hula ya nufi wani mai kaki, ya buɗe baki ya soma zuba abin da ya kira Faransanci. Mutumin ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Malam, yi Hausa, kana wahal da mu duka." Ɗan'ige ya kwanta a kan sitiyari don dariya. Daga nan har muka dawo ban ƙara jin Faransancin Sahabi ba, sai in ba kowa kusa.

Abu na farko da ya ba ni haushi a can, duk mai kaki ko mai biro a aljihu mushe ake ce masa, shi kuwa ya amsa yana murmushi. Na ɗauka zagi ne. Ɗan'ige ya ce girmamawa ce, kamar a ce malam. Na ce ƙasar da ake girmama mutum da sunan abincin ungulu, Allah ya fid da mu lafiya. Na biyu, rana tana take tsaka sai kowa ya rufe ofis ya tafi ya kwanta, ko uwarka ce ke kan hanya sai la'asar. Muka zauna jiran hatimi guda awa uku.

Abinci kuwa ba a magana. Burodinsu dogo ne kamar sandar kiwo, kuma taurinsu ɗaya, ya yanke mini dasashi. Furarsu ana zuba mata ruwa har ka ga fuskarka a ciki. Suna da wani abu wai shi cuku, nono ne ake busarwa ya zama kamar tafin takalmi, a ba ka da girmamawa ka yini kana tauna. Shayi kuma a ɗan kofin da bai kai babban yatsa ba, sau uku, kuma in ka tashi kafin na uku ka yi rashin kunya. Kilishinsu dai ban da abin cewa. Ya fi namu, na faɗa.

Gonar tana bayan Ƙwanni, tafiyar rabin yini ta hanyar Tawa. Na shiga na tsaya. Shanu a jere ƙarƙashin kwano, a kan siminti, ana wanke masu ƙasa da ruwa kamar ɗakin amarya. Kowace da lamba a kunne. Na tambayi wani ma'aikaci sunan wata, ya faɗa mini lamba. Na ce to in ta ɓace a daji lamba za ka riƙa kira? Ya ce ba sa zuwa daji. Shanun da ba su san daji ba, ba su san sunansu ba, abinci yana iske su inda suke.

Aka nuna mana tamu. Baƙa ce da fari-fari, ba tozo sai 'yar alama, ƙaho gajere, jiki kamar akwati mai ƙafa huɗu. Hantsarta kuwa ta kai tulu. A inuwa take amma tana haki. Aka ce wannan ce haihuwarta ta huɗu.

Likitar gonar mace ce, 'yar gajera, Bahaushiyar Tawa, da takalmin roba har gwiwa. Sahabi ya tura kansa gaba da jakarsa. Ta dube shi, ta dubi hannuna, ta ce, "Baba, kai na makiyayin. Da kai za ni magana."

Ta fara da cewa ba ta so a ɗauki saniyar yanzu ba, da an bari ta haihu. Na ce ni ɗan aike ne. Ta ce to.

"Saurara da kyau, Baba. Sauranta kamar sati ukku. Daga yau har ta haihu, kada ka ba ta kanwa. Kada ka ba ta harawa, ta wake ko ta gyaɗa. Busasshiyar ciyawa, karan dawa, dusa kaɗan, ruwa. Shi ke nan."

"Saniya mai ciki?"

"Ita."

"Ɗiyata, wa ya koya miki kiwo?"

Ba ta ji haushi ba. Ta nuna mini in ɗora hannu a wuyan saniyar, gefen maƙogwaro.

"Nan ciki akwai wasu 'yan ƙwayoyi, ba su kai ƙwayar wake ba. Aikinsu aike. Nono da abin ƙashi ake yin shi, wani abu kamar alli. Jini na ɗauke da kaɗan, sauran na aje cikin ƙashi. Ranar da ta haihu, dakashi, nonon farko, zai kwashe na jini cikin yini guda. Sai 'yan ƙwayoyin nan su aika wa ƙashi shi saki nashi, su aika wa hanji shi ƙara tsotsa daga abinci, ƙoda kuma ta bar zubarwa. In ka cika ta da harawa tun kahin haihuwa, jini na ƙoshe kullum, 'yan aiken sun saba da zama. Kahin su farka kwana biyu ya wuce. Kanwa ta fi muni, juya jini take yadda ko sun aika ƙashi ba ya ji. Jini in ya rasa abin nan, ƙafa ba ta ɗaukar jiki, hanji shi tsaya, daga ƙarshe zuciya."

Na ce, "Shanunmu tun kakanni suke shan kanwa, ba wadda ta faɗi."

"Ta kirkinku nono nawa take ba ka?"

"Ƙwarya guda."

"Wagga bokiti biyu. Taku ba ta taɓa kwashe jininta ba, wagga kuwa za ta kwashe. Kuma ta manyanta, ƙashin tsohuwa ya fi nawar saki. Bayan ta haihu ka ba ta duk abin da ka ga dama. Amma kwana ukkun farko kada a tatse ta ƙarƙaf, a rage mata kawai."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata babbar kwalba mai ruwa fari kamar na rijiya. Ta ce in na ga saniyar tana rawar ƙafa bayan haihuwa, ta kwanta ta kasa tashi, kunnuwanta sun yi sanyi, ta lanƙwasa wuya zuwa haƙarƙari, kada in ɗura mata komai ta baki don ba ta iya haɗiya, kuma kada in bari a yanka. In tokare ta da buhu ta zauna a kan ƙirji, in nemo malamin dabbobi ya sa mata ruwan nan a jijiyar wuya a hankali. Ni kada in gwada, in aka yi sauri zuciya tsayawa take. Ta ce sau da yawa kafin a gama shan shayi saniyar ta miƙe. Wai sunan ciwon zazzaɓin nono, amma jiki sanyi yake yi. Zazzaɓi ba zafi. Na ce a raina wannan ƙasa komai nata a juye yake.

Ta rubuta duk abin da ta faɗa a takarda da Faransanci, Sahabi ya karɓe ya sa a jaka. Kwalbar ni na karɓa, na naɗe a bargo. Na yi godiya. A raina kuwa na ce rowa ce aka kai makaranta. Babana ko garin tuwo babu a gida sai ya nemo wa saniya mai ciki kanwa.

Muka kwana biyu a gonar, a ɗakin ma'aikata, aka ba mu gadon ƙarfe da ya fi ƙasa ciwo. Muka ɗora saniyar a mota, na yi mata rumfa da zana. A kasuwar Ƙwanni na ga jar kanwa irin wadda ban taɓa gani ba, dunƙule-dunƙule, tsabtatacciya. Na sayi rabin buhu don garken gida. Allah ya sani a lokacin don garken gida na saya.

A iyaka aka nemi takardu. Saniya tana da huɗu, kowace da hatimi: ta haihuwa, ta rigakafi, ta fita, da wata da ban san ta mece ce ba. Ni da na haura hamsin ina da kati guda, shi ma ya jiƙe ya bushe. Masu kakin suka kewaye ta suna kallo. Sahabi ya je bayanta yana yi masu bayanin asalinta, ta ɗaga wutsiya ta yi masa abin da ya dace a kan farar riga. Wannan shi ne abu guda da na yaba mata a duk tafiyar.

Hanyar dawowa wahala ce. Ba ta jure rana, sai an tsaya an kwara mata ruwa. Kowane ƙauye muka tsaya mutane su taru. Wani ya ce doki ne aka sa wa ƙaho. Wata tsohuwa ta ce kumburi ne ke gare ta a hantsa, a nemo wanzami. Ɗan'ige yana ta mita wai motarsa ba asibiti ba ce.

Bayan Illela muka tsaya a wata rijiya. Wani tsohon Bafulatani yana shayar da shanunsa, ya zo ya kewaye tamu sau biyu, ya taɓa cikinta.

"Nagge ta kusa. Ka ba ta kanwa?"

"Likita ta hana."

"Wa?"

"Likitar can. Mace."

Ya dubi hannuna, ya ga na makiyayi ne, ya dubi fuskata, ya tofar da yawu gefe, ya koma wurin shanunsa. An zage ni a duniya, an doke ni, amma ban taɓa jin abu ya yi mini ciwo kamar kallon tsohon nan ba. Kafin mu bar rijiyar na kwance buhu, na fasa dunƙule guda na jiƙa a bokiti. Ta shanye tas ta lashe bokitin. Na ce ka gani, jikinta ya san abin da yake so. Daga ranar kullum da safe sai na ba ta.

Mun shiga Gummi da la'asar, mutane suna bin motar a guje. Alhaji ya riga ya kafa mata rumfar kwano a bayan gida, ya tara mata harawar wake har rufi, ga mai wake ai harawa ba abin nema ba ce. Na ce, "Ranka shi daɗe, likita ta ce kada a ba ta harawa sai ta haihu."

Alhaji ya juya. "Sahabi, mi takarda ta ce?"

Sahabi ya fito da takardar, ya riƙe ta nesa, ya kawo ta kusa, ya motsa leɓe. "Ta ce a kula da ita ƙwarai da gaske."

"Ka ji ko, Mamman?"

Na ji. Ban yi gardama ba. Mutumin da ke jiƙa kanwa kowace safiya ba shi da bakin yin gardama a kan harawa.

Kwana goma sha takwas tana ci tana sha, tana sheƙi. Mutane daga Anka, daga Bukkuyum, suna zuwa kallo. A rana ta goma sha takwas da hantsi ta haihu, ɗan maraƙi namiji, ba wahala ko kaɗan. Na ce a raina ina likita ta zo ta gani.

Da la'asar Alhaji ya tara abokansa, aka shimfiɗa tabarmi a gaban rumfar, aka kawo sabon bokiti.

"Tatsa, Mamman."

"Ranka shi daɗe, an ce kwana ukku a rage mata kawai."

"Wa ya ce? Macen nan? Ga mutane sun zo tun daga Anka. Tatsa."

Na tatsa. Dakashi ne, rawaya, mai kauri, ba wanda zai sha shi sai maraƙi, amma ba don sha ake tatsa ba. Bokiti ya cika aka yi kabbara. Alhaji ya ce a kawo wani. Na tatsa har hantsar ta zama kamar tsumma. Ni ma na ji daɗin kabbarar, ba zan ɓoye ba.

Washegari bayan an fito masallaci na iske ta tsaye, ƙafafun baya suna rawa. Ba ta taɓa abinci ba, ba kashi a ƙasa. Ta yi taku biyu kamar mai maye, ta zube. Na kama kunnenta, sanyi kamar randa. Ina tsaye ta lanƙwasa wuya ta kai hanci haƙarƙari. Komai a jere yadda matar nan ta faɗa, kamar tana tsaye a bayana tana karantawa.

Na tokare ta da buhunan dusa, na ɗauko kwalbar daga bargo. Aka aika gidan malamin dabbobi, aka ce ya tafi Bukkuyum tun asuba, ranar kasuwa ce. Aka kira wayarsa ba ta shiga. Kafin in juyo Na-Allah mahauci yana tsaye a bakin rumfa da wuƙa a ɗamara. Ban san wanda ya aika masa ba. Mahauta ba a aika masu.

"Alhaji, wagga ba ta kai azahar," in ji shi. "Na ga irinta ɗari. A sa mata wuƙa tun da sauran jini, kada ta zama mushe a yi asara biyu."

"Irinta ba ka taɓa gani ba," na ce. "Ranka shi daɗe, ba mutuwa za ta yi ba. Ga magani. Ka ba ni zuwa la'asar in ɗauko malam."

Sahabi ya ce, "Ruwan kwalba ka tada wagga? Dubi idonta."

"Kai dubi takarda, ita ka iya."

Alhaji ya dubi saniyar, ya dubi wuƙar, ya dube ni. "Tahi."

"Kada a bari ta kwanta gefe. Kada a ɗura mata komai. Kada a yanka."

"Na ce tahi."

Na hau kabu-kabu. Hanyar Bukkuyum kowa ya san ta, ba sai na zage ta ba. Sarƙar babur ta tsinke a tsakiya, muka ɗaure da waya. Na sami malamin a kasuwar awaki, mutane sun yi layi, ya ce in jira ya gama. Ban jira ba. Na ɗauki jakar allurarsa na nufi babur, ya biyo ni yana faɗa. A hanya na gaya masa abin da na gani, ya daina faɗa, ya ce wa mai babur ya ƙara wuta.

Ba a kira la'asar ba muka iso. Tun daga bakin lungu na ga shirwa suna shawagi, mata suna fitowa da kwanoni a rufe. A bayan gida an shimfiɗa fatar, baƙa da fari-fari, nama kashi-kashi a kanta. Kan yana gefe, da lambar a kunne.

Aka ce da azahar ta zame daga buhunan ta kwanta gefe, cikinta ya soma kumbura, ba wanda ya tuna a tada ta zaune. Na-Allah ya ce saura kaɗan, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya yanka. Ban zagi Na-Allah ba. Ni ma na sa wa shanu wuƙa a irin wannan hali, haka aka koya mana. Malamin ya karɓi kwalbar ya juya ta, ya ce, "Wanga shi na maganin. Da kun iske ni da ita da rai, da yanzu tana tsaye tana cin ciyawa." Wani ya miƙa masa kason nama.

Alhaji ya ja ni cikin zaure, mu biyu.

"Mamman, shekara ashirin da biyu ba wasa ba. Maganar sanda na janye. Amma mutane na waje, kuma dariya za su yi min har in mutu. Kai ka je can, kai za a yarda da kai. Ka fita ka ce mutanen Nijar sunka cuce mu, mai ciwo sunka ba mu. Shi ke nan, gobe ka koma garke."

"To, mu fita."

Muka fita. Mutane sun cika ƙofar gida, har da na Anka da ba su koma ba. Alhaji ya ce ga Mamman zai yi bayani.

Na ce, "Saniya lahiyarta lau anka ba mu. An ce kada a ba ta kanwa, ni na ba ta, kullum, tun daga Illela."

Aka fashe da dariya. Wani tsoho ya ce tun da aka halicci saniya kanwa ba ta taɓa kashe ta ba. Wani ya ce baki ne, mutane sun cika kallonta. Sahabi ya ce rana ta taɓa ni a hanyar Bukkuyum. Alhaji ma ya yi murmushi, ya ga abin ya zo da sauƙi. Da na tsaya nan da yau ina garke.

Na ce, "An ce kada a ba ta harawa, Alhaji ya tara mata har rufi. An ce kada a tatse ta ƙarƙaf, Alhaji ya sa na tatse don ku yi kabbara. Na ce a jira ni zuwa la'asar, ga shi yanzu ake kira. Takarda kuwa Sahabi bai iya karanta ta ba, ko harafi guda."

Ba wanda ya yi dariya. Ladan yana kira, kowa ya sami abin yi, aka watse neman buta. Alhaji bai ko dube ni ba. Na jingine sandar a bangon zaure, na je bayan gida na haɗa maraƙin da wata farar saniya da ɗanta ya mutu, na tsaya har ta yarda ya kama nono. Sannan na ɗauki bargona na nufi tasha.

Na koma Adabka na yi wata biyu. Na nemi kiwo wurin mutum uku. Labari ya riga ni: wai ni ne wanda ya ce kanwa tana kashe saniya, kuma ni ne wanda ya tona asirin ubangidansa a ƙofar gidansa. Na farko ya sa suna dariya, na biyu ya sa suna cewa za su neme ni.

Yanzu ina Bagega, wurin masu zinari. Ana kawo dutse daga rami a buhu, ni da wasu muna daka shi a turmi daga safe zuwa yamma, a ba mu abinci da wurin kwana. Yawancinsu baƙi ne daga nesa, ba wanda ya san na taɓa riƙe sanda. Maraƙin, na ji an ce, yana nan da rai.